Shamuwar Gidan Innata

A tsakar gidan innata a Gangara akwai wata tsohuwar tsamiya. Kowace shekara, gab da faɗuwar damina, shamuwa kan zo ta yi sheƙa a kanta. Inna ba ta yarda ko yaro ya ɗaga mata dutse. Baƙuwa ce, in ji ta, kuma ba a korar baƙo.

Shekarar da na koma gida jinyar ƙafar Inna, ruwa ya yi yawa, tabkin bayan gari ya cika, sauro ya hana kowa sakat. Wata safiya sai ga likitocin dabbobi daga Maraɗi, suna kama tsuntsaye su ɗebi jininsu su sake su. Wata matashiya a cikinsu ta yi sallama, ta durƙusa ta gaida Inna, ta nemi izinin a sauko da ɗan shamuwa ɗaya.

"Me ya yi muku?" in ji Inna, ta ɗaure fuska.

"Bai yi komai ba, Inna. Akwai wata cuta da sauro ke ɗauka daga jinin tsuntsu, ya kai wa doki ko mutum. Muna so mu ga ko ta iso nan."

Inna ta ce, "Ashe su ma sauro na cizon su? Duk da gashin nan?"

"Yana samun su a ƙafa da gefen ido."

Ta yarda, amma da sharaɗin ita za ta riƙe shi. Aka sauko da shi yana ta kyarma. Ta lulluɓe masa kai da gefen zanenta, tana cewa, "Yi haƙuri, yanzu za a gama," kamar yadda take yi mana ranar rigakafi. Da allura ta shiga fiffikensa, ita ce ta runtse ido.

Daga ranar, kowace yamma sai ta sa ni in tara ɗanyen ganyen bedi, wato dogon yaro, in yi hayaƙi a gindin tsamiyar. Na ce mata iska ke kwashe shi. Ta ce in dai yi.

Sai bayan girbi likitar ta kira ni a waya. Ta ce jinin ya nuna cutar ta taɓa shigar ɗan tsuntsun, amma jikinsa ya fi ƙarfinta. Mu dai mu riƙa kwana cikin gidan sauro.

Lokacin shamuwar ta riga ta tafi da 'ya'yanta. Na gaya wa Inna tana tsince wake. Ta yi hamdala, sannan ta tambaye ni ko can inda suke zuwa akwai sauro. Na ce ban sani ba.