Benen da Baba Igiya Ya Gina Sau Biyu

Shekara goma sha ɗaya muka yi tare da Baba Igiya a cibiyar binciken girgizar ƙasa, shi yana gini, ni ina tuƙa injin ɗaga kaya. Sunan ya bi shi ne saboda ko bulo biyu zai ɗora sai ya ja igiya. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, siminti ya cinye masa zanen yatsu har na'urar bakin ƙofa ba ta gane shi, kullum sai mai gadi ya taso ya buɗe masa. Ubansa magini ne, a hannunsa ya fara da kwaɓa, kuma ya yi shekara ashirin da ɗoriya yana yi wa mutane gidaje a gari kafin cibiyar ta ɗauke shi.

Aikinmu ba shi da wuyar bayani. A tsakiyar zauren akwai wani faifan ƙarfe mai faɗin falo biyu, muna ce masa tebur. Injunan da ke ƙarƙashinsa suna jijjiga shi yadda ƙasa ke yi in ta motsa. Wani lokaci bututu da akwatunan lantarki na tashar nukiliya ake ɗaurewa a kai, a ga ko za su jure. Waɗannan ba ruwan Baba da su. Nasa shi ne ya gina bango ko ɗaki, a jira kwana ashirin da takwas kankare ya yi ƙarfi, masu ilimi su manna wayoyinsu, a girgiza har ya zube, ni kuma in kwashe. Matarsa takan ce duk garin nan mijinta kaɗai ne maginin da ake yi wa tafi in gininsa ya rushe. Abin bai taɓa damunsa ba. Abin da aka zana masa yake ginawa, in ya faɗi, zanen wani ne ya faɗi.

Ana nan aka kawo wata injiniya mai ƙaramar murya da taurin kai. Ita ginin takarda bai dame ta ba, so take ta san abin da zai sami gidajen da mutane ke kwana a ciki.

"Baba, bene nake so irin na cikin gari," ta ce masa. "Yadda kuke yi a da, kafin ka zo nan. Don Allah kar ka gyara komai."

"Ranki ya daɗe, ai wannan a kaina yake," in ji Baba.

Akwai benen da ya gina wa 'yarsa ta fari da mijinta. Ƙasa shagon fenti ne, a buɗe daga fila zuwa fila, wato ginshiƙan da ke ɗauke da saman, ba bango a gaba. Sama kuma ɗakunan kwana, inda take zaune da yara huɗu. Duk ginin da ya yi a waje shi ya fi ji da shi, don ko rodi ɗaya bai bari lebura ya taɓa ba. Ya ce shi zai maimaita wa Injiniya, rabin girman na gaske, ta ga yadda ake gini.

Wata guda ya yi a kai, yana aiki yana 'yar waƙa, abin da ban san shi da shi ba. Zoben rodin da ke ɗaure kowace fila ya jera su tafin hannu biyu tsakani. Bakin kowane zobe sau ɗaya ya lanƙwasa shi, bai murɗa shi ciki kamar ƙugiya ba yadda ake yi a cibiyar. Injiniya ta tsaya ta kalli zoben, ta rubuta wani abu a littafinta.

"Haka ubana ya koya mini," Baba ya ce mata, "kuma ba gidan da ya taɓa faɗo mana."

Ranar gwaji ya zo da sabuwar hula. Girgizar farko ƙura kawai ta kaɗe, ya dube ni ya ɗaga gira. A ta biyu wata 'yar tsaga ta fito a wuyan filar gaba. Ta uku ita ce wadda Injiniya ta ce yankinmu zai iya gani, ko bana, ko a zamanin jikokinmu. Daƙiƙa goma sha ɗaya ta ɗauka. Zoben suka buɗe baki, rodin suka banƙaro waje, shagon ya ɓace gaba ɗaya. Saman ya sauko ya zauna a kan tebur, tagoginsa ko tsagewa ba su yi ba.

Ɗaliban da ke zuwa kallon gwaji suka fara tafi yadda suka saba, sai suka ga fuskarsa suka bari. Ya shiga cikin tarkacen ya ɗauko zobe ɗaya da ya miƙe, yana jujjuya shi. Na ji tausayinsa ƙwarai, sai na je na tada injina.

Injiniya ta ce gidan 'yarsa yana gyaruwa. A sassaƙe filolin, a ƙara musu rodi da zobe, a zuba sabon kankare, a tada bango a gefen shagon. Aikin wata biyu ne, kuma dole kowa ya fita.

"Tun ran gini, tun ran zane," Baba ya ce, ya tafi wanke cokalinsa na gini.

Mutumin da ba ya mako bai leƙa jikokinsa ba, sai da ya yi mako uku bai taka gidan ba. Rannan da aka tashi aiki ya ce, "Direba, zo ka raka ni."

Mun sami surukin a shago yana jera gwangwanaye. Ya saurari Baba cikin ladabi har ƙarshe, sannan ya sosa ƙeya.

"Baba, yaushe rabon ƙasar nan da motsi? Ko kakana bai gani ba. In rufe shago wata biyu don ɗan ginin gwaji ya faɗi?"

A samanmu yaran suna guje-guje, ana jin takun ƙafafunsu ta cikin rufin kankaren da ke kanmu. 'Yar ta sauko da shayi a tire, ashe ta ji komai daga matakala. Dariya ma take yi.

"Haba Baba. Ni duk duniya ba inda nake barci da daɗi kamar gidan nan. Kai fa ka gina shi."

Baba ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Ya dubi filar da ke kusa da shi, ya ɗan daɗe.

"Uwata, ni na gina shi," ya ce. "Da iya ƙarfina na gina shi. Amma a lokacin ban iya ba."

Dariyar ta ɗauke. Ta tsaya tana kallon ubanta, mijin kuma ya sunkuyar da kai. Sannan ta ajiye tiren a kan gwangwanin fenti, ta je gindin matakala ta ɗaga murya.

"Ku sauko, duk ku huɗun, kowa da takalminsa. Yau a gidan Kaka za ku kwana."