Zulai ta je rufe wushiryarta

"Yaya Hadiza, duba!"

Haka Zulai, 'yar baffana, ta faɗo mini shago jiya a kasuwar Marché Central, ta washe baki. Sai ga wayar gyaran haƙori tana ƙyalli.

Zulai fa ita ce mai wushirya a danginmu. Tun muna yara a unguwar New Bell, duk biki ita tsofaffi ke kira: "Zo ki yi mana dariya, mai wushirya." Ni kuwa haƙorana na gaba sun hau kan juna. Har yau in dariya ta kama ni sai na kai gefen mayafi baki. Hoton aurena ma baki a rufe aka ɗauke ni.

Na ce, "Me ya sami haƙoranki?"

Ta ce, "Wushiryar zan rufe, ta ishe ni. Likita ya ce in zaɓa, ko waya, ko wata roba mai haske da ba a ganinta. Na ɗauki wayar, c'est plus joli, ita ta fi kyau. Ke ma ki je mana, Yaya, ai naki ne ma suka fi buƙata."

Na ce Allah ya sanya alheri, na juya ina ninke atamfar da take a ninke.

Na san hassada ba kyau. Amma abin da na girma ina fatan a ce nawa ne, shi aka ɗaure da waya za a shafe. Bakin da ke buƙatar wayar kuwa yana nan a bayan mayafi.

Jama'a, ku faɗa mini gaskiya: wushiryar nake yi mata ƙyashi, ko wayar?