Fedar da Baba ya fasa tana lafiya lau

Jiya a Birnin Kudu mai gyaran keke ya jujjuya fedar kekena, ya ce, "Malam, boris ɗinta rufaffe ne, ba a buɗewa. Sai dai ka sayi sabuwa."

Sai na tuna Baba a garin Sara, shekarun da kuɗin fetur ya fara yawo. Duk bayan damina yakan kwance fedar kekensa, ya wanke 'ya'yan boris da kananzir, ya cusa giris, ya mayar.

Wata shekara Kawu ya kawo masa rufaffiyar feda daga Kano, ya ɗaura wa kekensa. Damina ta wuce, laka ba ta shiga ba, ko ƙara ba ta yi. Ana gobe kasuwar Gwaram na tarar da shi da guduma a hannu, ya fasa ta.

"Baba, me ya same ta?"

"Ba komai. Amma ba zan ɗora buhun dawa a kan abin da ban taɓa ganin cikinsa ba."

Cikin kuwa tsaf yake. Mayarwar ce ta gagara. Washegari a jaki muka kai dawar.

Ni dai jiya na sayi sabuwar, ban leƙa ba. Ku wacce za ku ɗauka, mai hutar da ku ko mai gyaruwa?