Kwalbar da Na Kai Kaduna

Alhamis, daga gida zuwa Zariya

Na bar gida tun kafin assalatu, jakar fata a kafaɗa, a cikinta kwalba ɗaya da na toshe da totuwa na naɗe da tsumma uku. Kada ku tambaye ni ƙarfe nawa, agogona zakara ne, shi ma bai tashi ba.

Dalilin tafiyar shi ne Dije, matata ta shekara talatin da wani abu. Wata biyar ke nan tana ramewa. Ruwa ba ya isarta, ba ta gama zama sai ta tashi zagayawa, ga miki a yatsan ƙafa ya ƙi warkewa. Ɗanmu Haruna, masinja ne a wani ofis a Kaduna, ya rubuto cewa duk Alhamis wani malamin asibiti yana tara mutane a Badarawa yana yi musu bayanin ciwon sukari da hawan jini, a kawo ta. Dije ta ce ba ta taɓa shiga mota ba, kuma ba ƙaton da zai duba ta da tsufanta. Ya sake rubutowa: to, a kawo fitsarinta. Ni aka ɗora wa kayan.

Na yi asuba a Giwa. Ƙarfe shida da kwata, in ji direba, motar gyaɗa ta tashi, sule ɗaya da sisi, a kan buhuna.

"Baba, kawo jakar a ɗaure."

"Wannan a cinyata za ta yi tafiya."

"Zinariya ce?"

"Ta fi."

A Sabon Garin Zariya na sha koko da ƙosai, na sayi kwalin sukari tsarabar Dije. Tun da ta fara ramewa ba na barin ta ba zaƙi: zuma a fura, zuma a kunu, alkaki duk ran kasuwa, don dai ta yi ƙarfi.

Zariya zuwa Kaduna

Mun tashi ƙarfe goma, tafiyar wajen mil hamsin. A Rigachikun 'yan sanda suka tsayar da mu, wai suna neman masu ɗauko giya. Wani dogo ya lalubo kwalbar.

"Tsoho, mene ne wannan?"

"Ranka ya daɗe, don Allah kada ka buɗe."

Ya dubi furfurata, ya girgiza kai, ya zare totuwa, ya kai hanci. Ya toshe mini da kansa, ya tofar da yawu, ya ce direba ya ja. Har Kawo babu wanda ya matse ni, na samu fili kamar hakimi.

Badarawa

Na sauka Kawo ƙarfe biyu, na ƙarasa da ƙafa. Bayan la'asar Haruna ya kai ni ƙofar gidan mai unguwa. Maza sun cika tabarmi, teloli da mahauta da ma'aikata masu hular dara. Malamin yaro ne siriri da gajeren wando, da bakin Katsinawa. Ya ce ciwon sukari ba jifa ba ne, ba sammu ba ne. Wanda ƙishirwa ta dame shi, yana yawan fitsari, kiyashi na taruwa a inda ya yi, ya zo a gwada.

Sai ya kunna wata 'yar fitila, ya zuba ruwa shuɗi kamar na marina a siririyar kwalba, yana ɗiga fitsarin kowa yana dafawa. Na mutum huɗu ya tsaya shuɗi. Da aka zo kan nawa, ya koma kore, ya koma rawaya, ya tsaya ja kamar jar ƙasa.

"Na wane ne wannan?"

Ku faɗa mini, wane dattijo ne zai miƙe a gaban mahauta ya ce fitsarin matarsa ne? Na ce nawa ne.

Ya dubi tumbina. "Baba, ka rame kwanan nan?"

"Ƙwarai. Da ka gan ni bara."

Aka kwashe da dariya, shi bai yi ba. Ya ce daga yau ba ni ba sukari, ba zuma, ba rake, ba alkaki, in rage tuwo in yawaita ganye. Ya ce mai wannan ciwo in ana ba shi zaƙi, kamar ana tura itace ne a wuta.

Sai Dije ta faɗo mini a rai. Wata biyar! Da hannuna nake dama mata, in tsaya a kanta in ce sai ta shanye. Ga kwalin sukari ma a jaka yana tokarar haƙarƙarina.

Da mutane suka watse na bi shi bayan bishiya na faɗi gaskiya, har da zumar. Ya ce, "Tun ɗazu na gane, Baba. Ba ka sani ba ne, kuma ba kai ka sa mata ciwon ba. Tana da miki?" Na ce tana da shi. Ya ce kada ta wuce Alhamis mai zuwa, in mikin ya ci gaba ƙafar ce za ta tafi, ko abin da ya fi ƙafa. Na ce ba ta yarda namiji ya duba ta. Ya nuna mini wani dangan zana. Ashe duk zaman nan mata suna ciki da tasu malamar.

Kafin in tsere ya naɗe mini damtse da wani ƙyalle, ya yi ta hura iska har na yi salati. Ya ce jinina ya hau, in rage gishiri da kanwa da kilishi. Matar Haruna ta ji labari, tuwon ranar miya lami na sha, tana cewa, "Baba, umarnin likita ne." Na bar mata kwalin, ko da ba ta cancanta ba.

Juma'a, komawa

Mota ta bar Kawo ƙarfe bakwai. Na samu Juma'a a Zariya, na shiga gida rana ta yi sanyi. Dije na kan tabarma, ƙafar a miƙe. Na zauna, na kwashe duka na faɗa mata, na ce ta yafe mini.

Ta daɗe tana kallona. "Malam, kuka kake yi?"

"Hayaƙin mota ne."

"To share. Zumar nan ko rabi ban sha ba. Da ka juya baya nake miƙa wa maƙwabta, don dai kada ranka ya ɓaci." Ta dubi yatsan ƙafarta. "Ka ce mace ce?"

"Mace, da ɗankwalinta."

"To, ka ce wa direba gaba zan zauna. Ba mai ɗora ni kan gyaɗa."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa yaron nan na Katsina da ya rufa mini asiri a gaban jama'a. Wanda duk aka karanta wa wannan, ranar Alhamis da asuba ya sa Dije a addu'a, ita da ƙafarta.