Na Kai Allon Mumuni Bawku

Talata: Salaga zuwa Yendi

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba na fito daga gidan yayata Adiza a zangon Salaga, jaka a baya, allon hawan igiyar ruwa a ka. Wanda ya san ƙasar nan ya san daga Salaga zuwa teku tafiyar yini guda ce cur, ni kuwa ba tekun ma na nufa ba. Arewa na dosa, Bawku, inda babban ruwa shi ne na randa idan an cika ta.

Allon ba nawa ba ne, na abokina Mumuni ne. Shekara shida muna tare a wani ƙauyen masunta can bayan Takoradi, muna koya wa baƙi tsayuwa a kan allo idan igiyar ruwa ta taso. Mu biyu ne kaɗai 'yan arewa a cikin masu wannan sana'a. Ya fi kowa iya ruwa, ya fi kowa ban dariya. Wata huɗu da suka wuce ya kashe kansa. Na rubuta shi haka ƙarara domin na gaji da kewaye-kewaye.

A ranar, babbanmu Ebo ya miƙo mini waya ya ce ni ke jin Hausa, in sanar da mahaifiyarsa. Da na ji muryar tsohuwar sai bakina ya ce, "Mma, ruwa ya ci Mumuni." Ban shirya ƙaryar ba, ita ta fito da kanta. Kafin la'asar an yi masa sutura a zangon can, uwarsa ba ta ga gawa ba. Bayan kwana bakwai muka yi masa irin tamu al'adar: kowa ya kwanta a kan allonsa, muka tuƙa da hannu har bayan inda igiya ke fashewa, muka yi da'ira, muka riƙe hannun juna, muka kira sunansa muna watsa ruwa sama. Da muka fito aka yanke shawara a kai wa uwarsa allonsa. A wurinmu allon mutum ya fi ɗakinsa daraja, shi ya sa babu wanda ya tsaya ya tambayi abin da mai sayar da hatsi za ta yi da shi.

Na ɗauko, na haye ruwan Yeji, na iso Salaga, sai na maƙale. Wata uku ina kwance a ɗaki, ni da allon, ba na cin kirki, ba na ɗaga waya. Tsorona ɗaya ne: in tsaya gaban matar nan, ko in maimaita ƙaryar, ko in faɗi abin da zai sa a riƙa nuna gidanta da baki. Ranar Litinin Adiza ta leƙo ta ce, "Awudu, ko ka kai abin nan, ko gobe in shanya kuɓewa a kai." Jakar allon ta yage, sai ta naɗe mini shi da farin zanen gado saboda ƙura, ta ɗaure da igiya wuri uku: sama, tsakiya, ƙasa. Ni da ita babu wanda ya ja da baya ya dubi abin da muka haɗa.

Direban motar Bimbilla ne ya fara gani. Ya cire hula.

"Innalillahi. Wanene ya mutu? Amma ɗan'uwa, ba mu ɗaukan gawa a wannan lore."

"Massa, ba gawa ba ne. Allo ne, na teku."

Ya matso ya ƙwanƙwasa da yatsa, ya ji ƙarar. "To, in gawa ne ma, ya rame sosai paa."

Aka ɗaure shi a saman mota tsakanin buhunan doya. Muka tashi biyar da minti ashirin, muka isa Bimbilla takwas saura kwata. Na sha koko da ƙosai a tsaye, na sake yi wa wani direban bayani daga farko. A hanyar Yendi, duk ƙauyen da muka ratsa sai in ga dattawa sun miƙe daga kan benci. Wani ma har ya ɗaga hannu yana addu'a. Da farko na yi dariya, daga baya dariyar ta ƙi fitowa.

Sha ɗaya da rabi muna Yendi. Babu motar Gushegu sai gobe, don haka na sauka gidan Alhaji Iddi mahauci, kawun mijin Adiza. Aka kawo wasawasa da rana, tuwon zafi da miyar ayoyo bayan magariba. Alhaji mutum ne mai tambaya yana kallon wani wuri.

"Wannan aboki naka, mi ya kashe shi?"

"Ruwa, Alhaji."

"Shi da shina koya ma mutane ruwa?"

"Ikon Allah."

"Haka ne," in ji shi, ya ci gaba da sakace. Na lura ƙaryar ta fara yi mini santsi a baki, abin ya ba ni haushin kaina.

Laraba: Yendi zuwa Bawku

Shida daidai muka bar Yendi, takwas da kwata muna Gushegu. Na cire farin zanen don in huta da ta'aziyya, sai na faɗa wata sabuwa. Wani dillalin shanu ya ce ƙofar banɗaki ce ta Turawa. Wata mai tubani ta taya, ta ce zai yi mata teburi. Na mayar da zanen. Gara a ɗauke shi gawa, aƙalla ana ba shi hanya.

Mota ba ta cika ba sai sha ɗaya. Wajen biyu na rana muka kai gangaren Nakpanduri, inda hanya ke sauka daga dutse tana lanƙwasa. Na dubi ƙasa, fili shimfiɗe har iyakar gani, shuɗi-shuɗi. Mumuni ya sha gaya mini a nan ya fara ganin teku tun yana yaro, kafin ya ga na gaskiya. Muna yi masa dariya mu ce ɗan Bawku ya ga daji ya ce ruwa. Ashe gaskiyarsa.

A nan ne abin da nake gudu ya cim mini. Ana gobe zai rasu, ya same ni ina goga wa allona kakin hana santsi, ya ce, "Awudu, zo mu zauna kaɗan." Na ce ina da baƙi biyu suna jira, mu bari sai gobe. Ya ce babu komai, har da 'yar rawarsa ta tsokana. Baƙin nan ko tsayuwa ba su iya ba har suka tafi. Matar da ke kusa da ni a mota ta ga ina share ido, ta ɗauka jiri ne, ta ba ni goro.

Daga Garu shingaye suka yawaita. A na uku wani soja ya ce a sauko da abin nan. Ina kwance igiya ina shirya bayanina karo na goma sha wani abu, sai ya yi ihu da harshen Fante. Ɗan bakin teku ne. A duk tafiyar shi kaɗai ya san abin da nake ɗauke da shi. Ya sa babban yatsa a wani ɗan loɓawa kusa da wutsiyar allon, inda diddige ke dannawa shekara da shekaru, ya ce mai wannan ya daɗe a kansa. Ya tambaye ni ina mai shi. Na ce ya rasu. Bai ce me ya kashe shi ba, ya taya ni ɗaurewa da hannunsa.

Biyar da minti ashirin muka shiga Bawku, mutane na ta haramar komawa gida kafin lokacin dokar hana fita. Keke mai ƙafa uku ya kai ni unguwarsu, rabin allon a waje. Ina shiga da shi tsakar gida wata maƙwabciya ta fasa salati. Mma Zenabu, mahaifiyar Mumuni, tana zaune a kan tabarma, doguwa, siririya, idonta irin nasa sak. Ba ta yi salati ba. Ta dubi ɗaurin nan uku ta ce, "Sannu da hanya, ɗana. Ashe dai an kawo mini shi." Na durƙusa na yi gaisuwa. Ta ce in ci abinci in kwanta, magana sai da safe.

Alhamis: Bawku

Da na dawo daga sallar asuba na tarar ta kwance zanen, ta jingina allon da bango, tana wanke shi da soso da ruwan ɗumi. Gishiri da yashin teku suna gangarowa cikin kwatar gidan. Ta yi shi a natse, daga sama zuwa ƙasa, ɓangaren dama kafin na hagu. Da ta kai wurin loɓawar nan ta tsaya.

"Nan fa?"

"Nan yake sa ƙafa, Mma."

Ta ɗora tafin hannunta a wurin, ta daɗe. Sannan ta nuna mini kujera.

"Awudu, faɗa mini yadda ruwan ya ci shi."

Kwana biyu ina jera labarin a mota: iska, igiya mai ƙarfi, dutse. Na buɗe baki, babu ko ɗaya da ya zo. Na ce, "Mma, ba ruwa ba ne. Ƙarya na yi miki. Shi ya ɗauki ransa. Ki yafe mini."

Ta matse soson ta ajiye. "Na sani tun ranar. Ana gobe ya kira ni, ya ce in yafe masa duk abin da ya yi mini tun yana ƙarami. Wanda ruwa zai ci, waya yake bugawa ya nemi gafara?"

Wata huɗu ina ɓoye mata abin da ta riga ni sani, ita kuma tana karɓar gaisuwar ruwa don kada ta kunyata ni.

Na gaya mata maganar "zo mu zauna", da yadda na ce sai gobe. Na ce da na zauna, da watakila yana nan. Ta yi wani ɗan murmushi da ban so gani ba.

"Ka san inda nake da ya kira? Kasuwa. Ina auna wa wani mutumin Kulungugu masara. Na ce, 'Na yafe, na yafe, kira ni an jima, ina ciniki.' Kwano ashirin da biyu. Har yau ina tuna adadin." Ta ɗago ta dube ni. "Kai kana da baƙi, ni ina da masara. In laifi ne mun raba. Amma na je wurin limaminmu na faɗa masa komai. Ya ce ciwo ne yake kama zuciya kamar yadda wani ke kama ƙafa, hisabi kuma ba a hannunmu yake ba, mu dai mu yi ta addu'a. Ubansa ma ya yi irin wannan ciwon, shekara biyu yana kwance, muka ce kasala ce. Mu a da ba mu da sunan abin."

Muka yi kuka, ni da ita, ba ɓoyo. Maƙwabciyar ta leƙo ta koma.

Da muka lafa ta dube ni sama da ƙasa, irin kallon mai sayen hatsi. "Wata huɗu daga Takoradi zuwa Bawku. Da ƙafa ka taho?"

Na ce na ɗan tsaya a Salaga.

"A ɗaki?"

"A ɗaki."

"Kana cin abinci? Kana barci? Tunanin da ya zo masa, kai ma ya taɓa zo maka?"

Babu wanda ya taɓa yi mini tambayar kai tsaye. Na ce, "Wani lokaci, Mma."

Ba ta yi salati ba, ba ta yi wa'azi ba. Ta ce akwai ma'aikatan jinya masu duba irin wannan a asibiti, ba sai wanda ya yi tsirara a titi ake kai musu ba, kuma in gaya wa yayata yau ba gobe ba. Ta sa na kira Adiza a gabanta. Sannan ta ce, "Duk Juma'a bayan masallaci ka kira ni. In ba ka kira ba, ni na san hanyar Salaga."

Sai ta nuna allon. "Wannan kuma ɗauki abinka."

"Mma, naki ne. Don ke muka..."

"Na gan shi, na wanke shi, abin da ban samu yi ba ke nan. Yanzu me zan yi da shi, in auna gero a kai? Yaron nan ya gudu daga tudu tun yana ɗan sha tara. Ka mayar da shi ruwa, ka hau." Zanen gadon Adiza kawai ta riƙe, ta ninke ta kai ɗaki. Ban tambaye ta ba.

Juma'a da Asabar: komawa

Ta hanyar Bolga da Tamale na juyo, allon tsirara a saman mota, babu wanda ya miƙe masa. Na kwana Tamale, na iso Salaga Asabar ƙarfe ɗaya da minti goma. Adiza ta gan ni da shi a ka ta riƙe haɓa. "Tafiyar kwana biyar, ka dawo da kayan, ka bar mini zanena?" Amma ta rungume ni, abin da ba ta yi ba tun muna yara. Litinin ita ta raka ni asibiti, ta zauna a benci tana harara ta kada in gudu. Na kira Ebo na ce a ajiye mini wurina, ina tafe idan na ɗan murmure, kuma akwai maganar da za mu zauna mu yi dukanmu, a kan tudu, ba a da'irar ruwa ba.

Godiya ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa Alhaji Iddi da bai matsa ba, da sojan da bai tambaya ba, da dattawan hanyar Yendi da suka miƙe wa abokina ba su san shi ba.

Juma'ar da ta biyo na kira Mma Zenabu. Bugu ɗaya ta ɗauka. Ina jin hayaniyar kasuwa a bayanta, wani mutum yana ta cewa a auna masa, motarsu za ta tashi. Na ce, "Mma, kina ciniki, bari in kira an jima."

Na ji ƙarar kwano a ƙasa.

"Ya jira," in ji ta. "Ina jin ka, ɗana."