Madarar Fara

Ranar wata Laraba ce a tsakiyar damina, shekarar da na fara bin Inna tallar nono, lokacin yankinmu na Gudu duk kurmi ne da rugage, babu kwalta balle benaye. Na tatsi Fara, saniyar da Baffa ya ba ni tun ranar sunana, na kai ƙwarya baki ke nan sai Inna ta karɓe. "Ta Jumma ce," in ji ta, ba ta ko dube ni ba.

Jumma ƙanwata ce, shekararta huɗu. Zazzaɓi ya kwantar da ita har ta daina haɗiyar kirki, sai Inna ta riƙa tsoma tsumma a madarar tana ɗiga mata a baki. Abin da ya riƙe ta ke nan kwana goma sha ɗaya. Ni kuwa zuwa rafi ni, itace ni, ɗaure maruƙa ni, har 'yar carafken da muke yi a gindin ɗorawa na bari. Kitsona ya tsufa, babu mai duban kaina. Ku faɗi abin da za ku faɗa, kishi na yi. Nakan leƙa bukka in ga Jumma a cinyar Inna ana yi mata fifita, in ji da ma ni ce.

Ran na sha biyu Kaka ta shiga, ta daɗe tana kallon yarinyar. Madarar na dawowa ta hanci tana shaƙe ta. Kaka ta zare tsumman daga hannun Inna, ta ce, "Ya isa. Ke kike so, ita wahala take sha." Inna ta miƙo mini ƙwaryar. A tsaye na shanye tas, kuma na ji daɗi. Kafin la'asar Jumma ta cika.

Watan jiya ɗana Bello, ma'aikacin gwamnati, ya ɗauko ni daga Mararaba zuwa asibiti. 'Yarsa Husna na kwance, sati uku inji ke yi mata numfashi. Likita ta zaunar da mu, ta ce ƙwaƙwalwar ta riga ta mutu, shawara ta rage gare mu. Aka kira malami, aka yi ta tambaya yana amsawa. Sai Bello ya juyo ya ce, "Dada, ke me kika gani?"

Nan na gane a mazaunin Kaka aka ajiye ni. Na ce a ba uwar wuni guda, a ɗora mata 'yarta a cinya, sannan a cire injin. Haka aka yi.

Su suna da likita da malami da lokacin bankwana. Innata tsumma kawai aka zare mata, washegari ta koma tatsa. Na ji kishinsu, ba zan ɓoye ba. Amma da na ga Husna a cinyar uwarta, tsohon kishin ne ya taso mini. Na tsufa ina goyon wasu, Jumma kuwa ba ta taɓa sauka daga cinyar Inna ba.