Yatsa Biyu a Kan Layin Dogo

Yaya ake gode wa mutum a kan hatsarin da bai faru ba? Na daɗe ina juya tambayar nan, ban samo amsa ba. Amma jiya Mai Sanda, mai duba layin dogo, ya yi ritaya, shiru kuma ba zai yi ba.

Shekara talatin da biyu, tun rana ba ta ɗaga ba yana kan layin dogo, sandunan awo biyu a kafaɗa: gajera ta tsohon layi matsattse, doguwa ta sabon layi mai faɗi. Ya ɗan taka, ya tsuguna, ya gitta sanda tsakanin ƙarafan, ya ga ko tazarar tana nan daidai. Matarsa ta rantse har tsakanin gado da bango ya auna.

Leburori sun ba ni labarin ranar da ya tarar ƙarafan tsohon layi sun buɗe a wata kwana. Ya san wanda ya tsayar da jirgi ba dalili, a bakin aikinsa. Haka ya ɗaga jar tuta, jirgin fasinja ya tsaya cak.

Direban ya leƙo yana huci. "Malam, lafiyarka? Nawa ya buɗe?"

"Yatsa biyu."

"Kan yatsa biyu ka shanya mutum ɗari biyar a rana?"

"Ranka ya daɗe, sauko ka auna."

"Ni? Allah ya kiyaye in tsuguna a tsakuwa!"

Aka ba Mai Sanda takardar tuhuma. Sai bayan kwana uku injiniya ya zo ya auna, ya yage takardar. Ko sannu ba wanda ya ce masa, tunda ba wanda ya mutu.

Mai Sanda, kai ne tushen bishiya, ana shan inuwa ba a ganin ka. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Ku masu tasowa, kada ku raina yatsa biyu a aikinku.

Jiya ana ban kwana a tasha, sai ga direban nan, da furfura da tumbi.

"Ba ni sandar nan, tsoho."

Ya sauka kan tsakuwa, ya tsuguna da ƙyar, gwiwoyi na ƙara.

Mai Sanda ya duƙa kusa da shi. "Ranka ya daɗe, a juye ka riƙe ta."